Zuwa ga Uwata, Mai Riƙe da Makullan Mutane



Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya baƙunta, ya kewar gida? Mu nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Na san za ki yi dariya ganin takarda da rubutun hannuna alhali ga waya, to amma a waya kina katse ni, ni kuma in aka katse ni zaren maganar ya kuɓuce. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, ko da a zama biyu ne.

Ran nan da muka yi magana kin ce mini, cikin raha, a sabon wurin aikinki in kin ga dama za ki iya ganin wanda kowane layi ya kira jiya, da ƙarfe nawa, da unguwar da mai layin yake tsaye. Daga nan kika tambaye ni ra'ayina game da Edward Snowden, wai kun yi gardama a ofis, wasu na cewa gwarzo ne wasu na cewa maci amana. Na ce miki sai na yi tunani. Ba tambayar ce ta hana ni barci ba, maganar farkon ce.

Kin san inda na ƙare aikina: ɗakin ajiyar fayilolin sirri na sakatariya. Ranar da aka kai ni wurin sai da na yi rantsuwar riƙe sirri, aka karanta mini Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, wadda hukuncinta ke kaiwa shekara 14 a gidan yari. Har gobe ina kan rantsuwar. Akwai abin da na gani a fayilolin mutanen da muke sahu ɗaya da su a masallaci, Ummanku ba ta taɓa ji daga bakina ba, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Saboda haka kada ki zaci tsohon nan zai ɗauki tonon asiri abin wasa. Sai dai zamaninmu yana da wata rahama da ba mu san rahama ba ce: takarda tana da nauyi. Kafin a bi diddigin mutum guda sai an tashi jami'i, an ba shi kuɗin mota, ya rubuto rahoto, akawu ya buga a tafireta, masinja ya kai. Gwamnati ba ta da hannuwan da za ta yi wa kowa haka, dole ta zaɓa, kuma dole wani ya sa hannu a kan zaɓin. Wani fayil ɗin ma gara ce ke yi wa mai shi afuwa. Naku ba ya gajiya, ba ya tsufa, ba ya bukatar kuɗin mota. Abin da a da yake cin ma'aikata goma da wata guda, ke yanzu da yatsa ɗaya za ki yi shi kafin shayinki ya huce.

Snowden shekararsa 29 lokacin da abin ya faru, bai girme ki da yawa ba. Ba janar ba ne, ba darakta ba. Mai kula da kwamfutoci ne, irin wanda ake kira idan na'ura ta ƙi, kuma dalilin da ya sa ke nan yake ganin abin da manya da yawa ba sa gani. Ya yi aiki da CIA, daga baya ya koma kamfanonin da ke yi wa hukumar tsaro ta NSA kwangila, Dell sannan Booz Allen Hamilton, a tsibirin Hawaii. Ki riƙe wannan: a ƙarshen aikinsa ma'aikacin ɗan kwangila ne, kamar ke.

A watan Maris na 2013 wani sanata, Ron Wyden, ya tambayi shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka, James Clapper, a zaman majalisa, gaban kyamara, ko NSA na tattara wani irin bayani a kan miliyoyin Amurkawa. Clapper ya ce a'a, sai dai in ba da gangan ba. Snowden yana zaune a gaban na'urar da ke ƙaryata shi. Ya riga ya fara neman 'yan jarida tun kafin nan, amma daga baya ya ce wannan amsar ce ta yanke masa sauran shakka. Ranar 20 ga Mayu ya hau jirgi zuwa Hong Kong, ya kulle kansa a ɗakin otal, inda Glenn Greenwald da Laura Poitras da Ewen MacAskill suka same shi.

Ranar 5 ga Yuni jaridar Guardian ta buga takarda ta farko: umarnin wata kotun sirri ga kamfanin waya na Verizon, cewa kullum ya riƙa miƙa wa NSA rajistar kiran duk masu layinsa, na cikin gida da na waje. Ba na waɗanda ake zargi ba, na kowa. A nan nake so ki tsaya, domin a ganina nan ne cibiyar zancen, ba a yawan na'urori ba. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001, cikin mako shida majalisa ta yi dokar da suka kira Patriot. Sashe na 215 ya ba hukuma damar karɓar bayanan da suka shafi wani bincike na ta'addanci. Kowa na iya ɗaukar dokar ya karanta. Abin da ba a iya karantawa shi ne fassarar da gwamnati ta yi mata a ɓoye, kotun sirrin ta amince: wai kiran kowa da kowa ya shafi bincike, tunda wata rana ana iya bukatarsa. Kotun kuma a lokacin ɓangare ɗaya take saurara, na gwamnati. To mutum zai yi zaɓe a kan abin da bai san ana yi ba? Zai kai ƙara a kan cutar da ba zai iya nuna an yi masa ba? A watan Fabrairun 2013 Kotun Ƙolin ƙasar ta kori wata ƙarar masu kare haƙƙin ɗan Adam a kan leƙen asiri da hujjar cewa ba su iya tabbatar da ana sauraronsu ba. Ba a ce babu laifi ba, an ce ba ku da shaida, shaidar kuma tana kulle a hannun wanda kuke ƙara.

Washegari aka fito da shirin PRISM, wanda ta hanyarsa hukumar ke karɓar saƙonni da hotuna daga kamfanoni tara, ciki har da Google da Facebook da Microsoft da Apple. Sai na Ingila, Tempora, inda hukumar GCHQ ke tatsar igiyoyin intanet da suka ratso ƙarƙashin teku. Sai batun wayar Angela Merkel ta Jamus, da saƙonnin Dilma Rousseff ta Burazil, wadda ta fasa ziyarar da za ta kai Amurka. Shi kuwa Snowden tun ranar 9 ga Yuni ya bayyana fuskarsa da sunansa da kansa, bai jira a gano shi ba.

Abin da ya biyo baya ki ji. Aka tuhume shi a ƙarƙashin Dokar Leƙen Asiri ta 1917, wadda aka yi don 'yan leƙen asirin abokan gaba a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Aka soke fasfonsa, ya sauka Mosko ranar 23 ga Yuni da niyyar wucewa Kudancin Amurka, ya maƙale a filin jirgi kusan kwana 40. A farkon Yuli wasu ƙasashen Turai suka hana jirgin shugaban Boliviya, Evo Morales, ratsa samaniyarsu, dole ya sauka a Ostiriya, kawai don ana zaton Snowden na ciki. Ba ya ciki. A Landan jami'an gwamnati suka tsaya a kan editocin Guardian suna kallo har suka farfasa kwamfutocinsu a ɗakin ƙasa, alhali kowa ya san akwai kwafin takardun a wasu ƙasashe. Shi kuwa Clapper ya nemi afuwar majalisa a wasiƙa, ya ci gaba da aikinsa, ba wanda ya kai shi kotu.

Abokan aikinki za su ce, ai ba sauraron magana ake yi ba, lambobi ne kawai da lokaci. Haka shugaban Amurka Obama ya faɗa a makon farko. Ki ɗauki mai shayin da ke bakin layinmu. A ce bai taɓa jin kalma ɗaya daga cikin gidan kowa ba, amma yana da littafi yana rubutawa: wane ya shiga gidan wane bayan isha'i, ya fito ƙarfe kaza, matar wane ta je wurin likitan mata sau uku a wata, ɗan wane ya daina zuwa wancan masallacin ya koma wannan, wane ya je wurin lauya, kashegari ya je gidan surukansa. Bayan shekara, wa ya kai shi sanin unguwar? Ya san auren da zai mutu tun dangi ba su sani ba. Magana ana iya yin ta da habaici ko da ƙarya, amma sawu ba ya ƙarya. Wani tsohon shugaban NSA da CIA, Michael Hayden, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa da irin wannan bayanin suke kashe mutane. Littafin mai shayin nan ne a kan teburinki, na miliyoyin mutane.

Za kuma su ce mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as, wanda ba shi da abin ɓoyewa me zai dame shi. Wannan karin maganar a kan ɓarawo aka yi ta, ba a kan mai sutura ba. Gidanmu yana da zaure, baƙo yana sallama ya jira, ba don muna ɓoye kayan sata a ciki ba. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, ta jera shi tare da mummunan zato da giba, kuma hanin bai ware masu mulki ba. Malamai kan kawo labarin Sayyidina Umar da ya haura katanga ya iske mutum cikin saɓo, mutumin ya lissafa masa nasa kurakuran: ya yi leƙe, ya shigo ba ta ƙofa ba, bai yi sallama ba. Halifa guda ya ja da baya.

Sannan ba kai ke yanke abin da ya zama abin ɓoyewa ba, mai littafin ne. Su Amurkawa sun taɓa ɗanɗanawa. Hukumar FBI a zamanin J. Edgar Hoover ta dasa na'urori a ɗakunan otal ɗin da Martin Luther King ke sauka, a 1964 ta aika masa da faifan abin da ta naɗa tare da wasiƙa marar suna mai nuna masa gara ya kashe kansa. Laifinsa neman a daina wulaƙanta baƙar fata. NSA ma tana da jerin sunayen da take bi a wancan zamanin, har da shi da Muhammad Ali. Yadda asirin FBI ya fara tonuwa abin mamaki ne: ranar 8 ga Maris na 1971, daren damben Ali da Joe Frazier, hankalin kowa na kan rediyo, wasu mutum takwas suka fasa ƙaramin ofishin hukumar a garin Media na jihar Pennsylvania suka kwashe takardu suka aika wa jaridu. Ba a taɓa kama su ba. Bayan haka majalisa ta kafa kwamitin Sanata Frank Church a 1975, binciken kwamitin ya haifar da dokar 1978 da ta kafa kotun da za ta riƙa taka wa masu leƙen asiri burki. Kotun nan ce bayan shekara 35 ta sa hannu a kan umarnin Verizon. Bayan 2001 kuma kin san waɗanda ido ya koma kansu. 'Yan sandan New York sun yi shekaru suna tura mutane masallatai da gidajen abinci da ƙungiyoyin ɗaliban Musulmi, a 2012 wani babban jami'insu ya amsa cewa sashen da ke wannan aikin bai taɓa samo bakin zaren bincike ko ɗaya ba. Ɓarnar kuwa ta riga ta auku: liman yana tauna huɗubarsa, ɗalibi yana zargin na kusa da shi a sahu. Leƙen asiri ba sai an kama mutum yake cutarwa ba. Ya ishe shi mutum ya fara haɗiye maganarsa.

Yanzu tambayar da masu kiransa maci amana ke yi, kuma tambaya ce mai nauyi: me ya hana shi bin ƙofa? A wannan sai in ba ki labarin Thomas Drake. Babban jami'i ne a NSA, tsohon soja. Shi da William Binney da wasu sun ga ana zubar da kuɗi sama da dala biliyan ɗaya a wani shiri marar amfani, ana kuma tattara bayanan 'yan ƙasa ba da izini ba. Sun kai kuka ga shugabanninsu, ga babban mai binciken cikin gida, ga kwamitocin majalisa. Da Drake ya gaji sai ya yi magana da wata 'yar jarida. A 2007 jami'an FBI suka dira gidajensu, Binney da bindiga aka tarbe shi yana fitowa daga wanka. A 2010 aka tuhumi Drake da laifuka goma da za su iya kai shi shekara 35 a kurkuku. A 2011 shari'ar ta rushe, aka tashi da ƙaramin laifi guda, amma an riga an cinye shi: aiki ya tafi, dukiya ta tafi wurin lauyoyi, ya koma sayar da waya a kantin Apple. Snowden yana kallon duk wannan. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake yi. Hukumar da ta karya wanda ya biyo ƙofa ita ta koya wa na baya hanyar taga.

Duk da haka ba zan ce miki hannunsa fes yake ba. Ya ɗebi takardu masu yawan da da wuya a ce ya karance su duka. Rahoton kwamitin majalisar wakilan Amurka na 2016 ya ce sun kai miliyan ɗaya da rabi, mafi yawansu kuma sun shafi soja da leƙen asirin ƙasashen waje, ba sirrin talakawa ba. Shi da lauyoyinsa sun ƙaryata rahoton, ya ce 'yan jarida ya bai wa su tace, bai shiga Rasha da komai ba. Ya ce ya sha kai kuka a ciki, hukumar ta ce saƙo guda kawai ta gani. Ya ƙare a hannun gwamnatin da ba ta san wani abu wai shi sirrin ɗan ƙasa ba, a 2022 ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Na yarda ba can ya nufa ba, amma can ɗin yake. Masu cewa ya koma gida ya fuskanci shari'a kuwa suna tsallake abu guda: a ƙarƙashin dokar 1917 ba a bari wanda ake tuhuma ya kafa hujja da cewa don amfanin jama'a ya yi. Tambayar kawai, ka fitar ko ba ka fitar ba.

In za ki tambaye ni wadda zuciyata ta fi kwantawa da ita, Katharine Gun ce. Tafinta ce a GCHQ, tana fassara daga Sinanci, ba ta kai shekara 30 ba. A ƙarshen Janairun 2003, ana shirin yaƙin Iraƙi, saƙo ya zo daga NSA ana neman a taimaka a saurari wakilan ƙasashe shida na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya waɗanda ƙuri'arsu ba ta tsaya ba. Uku namu ne na Afirka: Kamaru da Gini da Angola. Ta fitar da wannan takardar guda ɗaya, jaridar Observer ta buga a farkon Maris. Da aka fara titsiye abokan aikinta, ta je da ƙafarta ta ce ita ce. Aka kama ta, aka tuhume ta, a Fabrairun 2004 gwamnati ta janye ƙarar ranar da za a fara, bayan lauyoyinta sun nemi a kawo shawarar da babban lauyan gwamnati ya bayar a kan halaccin yaƙin. Ba ta hana yaƙin ba. Amma ta san abin da ta fitar harafi da harafi, ba ta ɗora wa kowa laifinta ba.

Shi ma Snowden, a yi masa adalci, abin da ya ce haram ne ya tabbata haram. A Janairun 2014 hukumar sa ido da gwamnatin kanta ta kafa ta ce ba ta ga wani binciken ta'addanci ko ɗaya da tattara rajistar kiran nan ya sauya sakamakonsa ba. A Mayun 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce sashe na 215 bai taɓa ba da wannan izinin ba, a Yuni majalisa ta sauya dokar. A 2020 wata kotun ta sake cewa shirin ya saɓa doka, a 2021 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta ce tsarin Ingila ya keta haƙƙin sirri. Kullen da WhatsApp ya sa wa saƙonni a 2016 yana cikin abin da wannan guguwar ta tura. Eric Holder, wanda shi ne ministan shari'a lokacin da aka tuhume shi, ya ce daga baya Snowden ya yi wa jama'a hidima, ko da yake ya karya doka. Amma sashe na 702 na dokar nan ta 1978, wanda PRISM ke tafiya a kansa, an sake sabunta shi a Afrilun 2024. Wannan kuma shi ya fi shafarmu, domin kariyar da suka yi ta faɗa a kanta ta Ba'amurke ce. Ni da ke a dokarsu halas ne.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tun kafin duniya ta ji sunan Snowden, a Afrilun 2013, jaridar Premium Times ta ruwaito cewa gwamnatinmu ta bai wa kamfanin Elbit na Isra'ila kwangilar dala miliyan 40 don sa ido a kan intanet. A Disambar 2020 masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto suka sa Nijeriya cikin ƙasashe 25 da suka ga alamar na'urar Circles, mai gano inda waya take da tatsar kira. A wannan Disambar ce kuma aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Kwamitin Kare 'Yan Jarida ya rubuta a 2020 yadda 'yan sanda suka yi amfani da rajistar kira suka kamo na kusa da wasu 'yan jarida don su kai ga 'yan jaridar. Sashe na 37 na tsarin mulkinmu ya ambaci sirrin gida da wasiƙa da zancen waya ƙarara, sashe na 45 kuma ya buɗe ƙofar tsaro.

Ba na cikin masu cewa a rufe wannan ƙofar. Mu da muka ga yadda ake karɓar kuɗin fansa ta waya, in aka ce na'urarki za ta dawo da ɗan wani gida, ni ne farkon mai sa miki albarka. Abin da mutane ke tambaya a majalisarmu ta ƙofar gida shi ne: me ya sa wanda ya zagi mai mulki a Facebook ake gano shi nan da nan, wanda ke kira daga daji yana ciniki da rayuka kuwa layinsa na aiki? Na'ura ɗaya ce. Bambancin yana wurin wanda ke ba da umarni da wanda ke danna madanni.

Kada kuma ki ruɗu da tsarin kwarmato da Ma'aikatar Kuɗi ta fito da shi a Disambar 2016, mai ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari. Wancan na kuɗin sata ne, kuma manufar gwamnati ce, ba dokar majalisa ba. Gana ta yi tata dokar kare masu kwarmato tun 2006, mu kuwa an yi shekaru ana kai ƙudiri ana komowa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 tana da sashen da ke kare jami'in gwamnati idan ya fallasa almundahana ko wuce gona da iri, amma ke a kamfani kike. Na san wani abokin aikina da ya ƙi fitar da fayil ba tare da takarda ba. Ba a kore shi ba, an dai tura shi wani ƙauye inda babu makarantar da 'ya'yansa za su shiga, ya yi ritaya a matakin da aka same shi. A nan haka ake yi, shiru.

To ga abin da nake roƙonki, Uwata. Jarrabawarki ba za ta zo da girman ta Snowden ba, ƙarama za ta zo, da fuskar wanda kika sani. Ƙawarki za ta kira ki tana kuka, ki duba mata wadda mijinta ke kira da tsakar dare. Wani ɗan'uwa zai ce ki gano masa inda mai bashinsa ya ɓuya. Ko a NSA, mai bincikensu ya lissafa wa majalisa a 2013 karo 12 da aka kama ma'aikata da gangan suna leƙen da bai halatta ba, mafi yawa a kan mata ko miji ko masoyi. Wanda ya saba buɗe wa ƙawa ba zai iya hana oga ba, domin ogan ya riga ya riƙe shi. Ko ni na roƙe ki, ki hana ni.

Ranar da wani ya tsaya a kanki da lamba a 'yar takarda ya ce daga sama ne, ki ce cikin ladabi, ranka ya daɗe, a ba ni a rubuce. Ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta 2019 ta ce tatsar sadarwa sai da izinin alƙali, in ban da gaggawa, gaggawar ma tana da takardarta. Mai gaskiya ba ya jin haushin a nemi takarda. Ki riƙa rubuta ranar da lokacin da wanda ya ce, a littafinki na kanki, ba tare da kin kwafi bayanin kowa ba. Ki karanta takardar riƙe sirrin da kika sa wa hannu da Dokar Kare Bayanai ta 2023 tun yanzu da hankalinki ke kwance. In abu ya yi wari, lauya kafin ɗan jarida, ƙofar ciki kafin ta waje, ko da kin san ba za a buɗe ba, don a shaida kin ƙwanƙwasa. In kuwa har ta kai ga fitarwa, laifin za a fitar, ba mutanen da aka yi wa laifin ba. Lambar bayin Allah da ke cikin rumbun nan amanarsu ce a wuyanki, ba ta kamfani kaɗai ba. Ajiye aiki ma hanya ce, kuma ba abin kunya ba ne. Gidan ubanki bai cika ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ni uba ne, ba na fatan ki zama gwarzuwa. Mahaifin Snowden sai da ya nemi biza ya je Mosko kafin ya ga ɗansa, ni ƙafafuna ba za su kai ni ba. Addu'ata Allah Ya sa ki yi aikinki ki gama ba a taɓa kawo miki irin wannan takardar ba. In an kawo, kada ki yanke shawara ke kaɗai da dare, kada kuma ki faɗa mini ta waya. Ki ce kina marmarin tuwon Ummanku, zan gane, ki hau mota ki taho.

Ummanku tana gaishe ki, ta ce kuka da daddawa da yajin suna cikin ƙullin da direba zai ba ki, yajin na maƙwabciyarki ne rabi. Auta ya ci jarrabawarsa, yana jiran alkawarin da kika yi masa. Ki gai da mutanen gidan da kike.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki.